Keken Shetu a Ƙuryar Kwantena

Masu karatu, ku gyara zama. Wasunku sun aiko cewa tsohon nan cika baki ya yi masa yawa. To ni Zuberu, in na cika baki da abin da na aikata na cika. Ku je Barking ku sami duk mai furfura cikin mutanenmu ku tambaye shi wa ake kira Sarkin Loda. Amma yau abin da zan faɗa ba na alfahari ba ne, shekara talatin da ɗoriya ina kewaye shi kamar akuya da turke. Faɗa nake ana rubuta mini, kuma wadda ke rubutawa tana hararata yanzu haka. Ba zan gaya muku ko wace ce ba.

A Gumel aka haife ni. Ina ɗan shekara sha huɗu na gudu Ikko na kama dako a Apapa, buhun siminti biyu nake ɗorawa a ka ɗaya. Na shiga jirgin ruwa aikin goge-goge, igiyar ruwa ta taɓa wurga ni teku a gaɓar Dakar, na fito da raina da hulata. Na sauka London da riga ɗaya, sanyi ya nemi kashe ni ya gaji ya bari. Duk wannan na yi shi ban taɓa shiga aji ba. Lamba na sani, domin ɗan dakon da bai san lamba ba ya mutu. Amma baƙi, ko sunana aka rubuta da girman ƙofa sai in wuce shi ban gaishe shi ba.

Babu wanda ya san haka. Kullum da safe sai in sayi jarida a bakin tashar jirgin ƙasa in soke ta a hammata. In aka miƙo mini takarda sai in lalubi aljihu in ce, "Kash, na bar tabarau a gida." Shekara tara ina wannan a siton Alhaji Saani.

Alhaji Saani mutumin zangon Kumasi ne, sitonsa yana bakin ƙoramar Barking, bayan wani gareji. Mutanenmu na Tottenham da Deptford ke kawo kayan da za su aika gida: firji, katifa, talabijin, ganguna cike da atamfa da sabulu da takalman yara. Mu haɗa na gida talatin ko arba'in a kwantena ɗaya, tirela ta kai ta tashar jiragen ruwa ta Tilbury, jirgi ya sauke ta a Tema.

Kafin zuwana cusa kaya kawai ake yi kamar ana ɗura auduga a buhu. Kwastan na cewa a buɗe, sai a zazzage komai a ƙasa, a kwana biyu ana mayarwa, tireloli sun yi layi a baya, jirgi ya yi tafiyarsa. Ni na kashe wannan. Mai nauyi a ƙasa kuma a ƙurya, a raba shi daidai hagu da dama don kada kwantena ta karkace in injin ɗaga kaya ya ɗauke ta. Jan alli na Kumasi, shuɗi na Accra, fari na Tamale, wanda za a fara saukewa shi ne na ƙarshen shiga. Sannan babbar dabarata: a gefen hagu nakan bar lungu mai faɗin kafaɗar mutum tun daga ƙofa har ƙurya, in toshe shi da kwalaye marasa nauyi. In kwastan yana son ganin abin da ke can ciki, a zare kwalayen, ya shiga ya leƙa ya fito, a mayar. Wani Baturen kwastan har abokansa ya kira su zo su gani. Kwantenar da na loda ba ta taɓa rasa jirginta ba. Ko ɗaya.

A 1990 Muniru ya zo, ɗan ƙanwar Alhaji, da takardar kwaleji ta harkar jiragen ruwa da agogo mai ƙara. Ban so shi ba, amma gaskiya ɗaya ce, ya gyara aiki. Shi ya kawo injin faks. Kafin tirela ta tashi an aika wa tasha takardar kaya, an yi booking na lokacin shiga, an aika da lambar sil, wato ɗan ƙarfen nan mai lamba da ake kulle ƙofar kwantena da shi. Da, direba kan yi rabin yini a bakin get. Da tsarin Muniru minti ashirin ya wuce. Sharaɗin ɗaya ne: da zarar lambar sil ta tafi, babu mai taɓa ƙofar nan sai a Tema.

Mai buga waɗannan takardu a tafireta ita ce Shetu, 'yar Alhaji.

Bazawara ce a lokacin, shekararta huɗu da rasuwar mijinta. Ba fara ba ce, ba doguwa ba, amma in ta shigo siton nan mai warin dizal sai ka ji kamar an buɗe taga. Takan sa riga da zani na atamfa mai ruwan ganye, ta ɗora rigar sanyi ta ulu, ta yafa farin mayafi a kan kot, ga zoben azurfa ɗaya a ɗan yatsa. Ran Talata da Alhamis takan kawo mini wake da shinkafa irin na Gana a kwanon silba, da baƙin yajin nan nasu da ke sa mutum hawaye yana godiya.

"Malam Zuberu, yau me jarida ta ce?"

"Duniya dai ta lalace, Shetu."

"Kullum haka take ce maka?"

"Kullum. Shi ya sa nake sayenta, ko wata rana za ta canza magana."

Sai ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Kot ɗina ya taɓa yagewa a ƙugiyar kwantena, ta karɓa ta tafi da shi, washegari ta dawo da shi ba ka ganin inda ya yage. Ta ce da keken ɗinkin mahaifiyarta ta yi, wani baƙin keke mai zanen ruwan zinariya da marigayiyar ta taho da shi daga Kumasi. Ta ce, "Inda keken nan yake, nan ne gidana."

Ku ce me ya hana ni magana. Zan gaya muku. Alhaji ya sha faɗa a gabanmu cewa wanda zai auri Shetu shi zai riƙe ofis bayansa. Ofis kuwa takarda ne. Ni da na yi kokawa da teku na kayar da ita, ina tsoron farar takarda kamar yadda kaza ke tsoron shaho.

Wata Lahadi cikin watan Mayun 1991 Alhaji ya kira mu cin abinci gidansa a Tottenham. Falon nan na tuna shi sarai: kujeru masu rigar leda da ke ƙara in ka zauna, hoton Ka'aba mai ƙananan fitilu, kabad cike da kwanukan tangaran da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, hita tana hurawa ko da yake bazara ta shigo. Bayan tuwo Alhaji ya goge hannu ya yi gyaran murya. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne.

"Muniru zai tafi Tema ya buɗe mana ofis. Kaya yana isa can ya kwana wata guda a tasha, babu mai fitar da shi. Shi zai gyara wannan kamar yadda ya gyara nan. Kuma ya nemi Shetu. Ni ban tilasta shi ba, Shetu babba ne, ya san aure. Amma kayan ɗakinshi na saya, zai shiga kwantenan Sallah ran Alhamis. Ranan nan ya ba ni amsa."

Shetu na tsaye bakin ƙofar kicin da tire a hannu. Ta ce, "Baaba, kaya kafin amsa?"

"Kaya ba ya jiran mutum. Jirgi yana da lokaci."

Ta dube ni. Ni kuwa, Sarkin Loda, na dubi hoton Ka'aba na ce, "Allah ya sanya alheri." Naman da ke bakina ya koma kamar igiya.

Ran Litinin ina shan shayi a kan ganga ta zo ta ɗauki jaridata kamar za ta duba, ta mayar. Na ji ta ƙara kauri. Ta ce a hankali, "Ka karanta kai kaɗai. Amsar ba sai ka faɗa da baki ba."

Shuɗiyar ambulan ce ta soke a ciki, mai ƙamshin turarenta. Na shiga bayan kwantena na buɗe. Layi goma sha ɗaya, na ƙirga su. Rubutu mai kyau kamar sawun tsuntsu a rairayi. Na juya ta, na ɗaga ta sama, na yi mata kallon da ban taɓa yi wa wani abu ba, ba ta ce da ni uffan ba. Na ninke ta na sa a cikin hula.

Wa zan kai wa? Limaminmu abokin Alhaji ne. Leburorin sito in ɗaya ya ji, kafin la'asar Deptford ta ji. Da yamma na shiga akwatin tarho na bakin titinmu na zuba kuɗi, ina cewa in na ji muryarta zan yi dabara ta faɗa mini da baki. Alhaji ne ya ɗauka. Na ajiye. Ran Talata na sake, injin ɗaukar saƙo ya amsa da muryar Muniru cikin Turanci, ya yi ƙara, na tsaya ina numfashi a ciki kamar saniya har ya katse.

Ran Laraba ta tare ni a bakin famfo ina alwala.

"Ka karanta?"

Nan ne, masu karatu. Nan Allah ya buɗe mini ƙofa, ni da hannuna na rufe. Na ce, "Sau uku ma."

"Ka gane abin da nake nufi?"

"Haba Shetu. Ni Zuberu, akwai abin da zai shige mini duhu?"

Ta sauke ajiyar zuciya, har idonta ya yi haske. Ta ce, "To sai goben." Ni kuma na ce a raina, wasiƙar ban kwana ce, tana roƙona in kula mata da kayanta. Me kuma mace za ta rubuta wa mai loda?

Alhamis da sassafe aka ja kwantena mai ƙafa arba'in bakin sito. Kayan gida arba'in da ɗaya, duk na Babbar Sallah. In suka rasa wannan jirgi, na gaba sai bayan sati uku, kaya su isa an gama cin nama. Kayan Shetu na gefe guda: gado, kabad, akwatuna shida, sai keken ɗinkin, kansa a cikin akwatinsa na katako, ƙafafunsa a ɗaure daban.

Na tsaya a kansa na ce a raina, tunda ba zan same ta ba, wallahi abin da ta fi so zai yi tafiyar da ko sarki bai taɓa yi ba. Wuri mafi aminci a kwantena shi ne ƙurya, jikin bangon gaba, inda babu girgizar ƙofa, babu hannun ɓarawo, babu ɗigon ruwa. Na ɗauko bargona na jirgi, wanda na shigo ƙasar nan da shi, na naɗe keken. Na hana kowa taɓawa. Na rungume shi, na shige da shi kafin komai, na ɗaure da igiya uku.

Da na fito tana tsaye a ƙofar ofis da kofin shayi, cikin shuɗin leshi da ban taɓa ganinta da shi ba a ranar aiki. Na ɗaga murya don kowa ya ji: "Shetu, kin ga wurin da na ba kekenki? Shi na fara sakawa!"

Ta daɗe tana kallona. Shayin ya zuba a yatsunta ba ta ji ba.

"Na gani," in ji ta. "Ko jinkiri ba ka yi ba. Sannu da aiki."

Ta shiga ta rufe ƙofa. Na jiyo tana kuka, na ce kukan rabuwa ne. Na loda kwantenar nan kamar ina gina masallaci. Sha biyu saura kaɗan muka rufe, Muniru ya ɗaura sil, ya shiga ya aika lambarsa. Ranar babu wake da shinkafa.

In kwantena babba ce nakan raka ta har get. Direbanmu Jang ne, mutumin Jos, Kirista, mai ƙaton ciki da muryar ganga. Shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya muna zagin juna. Mun hau babbar hanyar A13, mun wuce masana'antar motoci ta Dagenham, ban ce komai ba.

"Sarki, yau wa ya mutu?"

"Tuƙa motarka, arnen dutse."

"Ni da nake jira ka ba ni labarin Dakar karo na ɗari. Yau igiyar ruwan ba ta wurga ka teku ba?"

Zufa ta karyo mini, na cire hula in goge goshi. Ambulan ta faɗo kan giyar motar. Jang ya kai hannu, na riga shi.

"Ta Shetu ce," in ji shi. "Na san ambulan ɗin ofis. Me ta ce?"

"Gaisuwa ce."

"Karanto mini gaisuwar."

"Na bar tabarau a—"

"A gida. Na sani." Ya rage gudu, ya saka tirelar a wani fili gefen hanya kusa da Rainham, ya ja birki. Ya juyo, babu wasa a fuskarsa. "Zuberu, tun shekarar farko na sani. Ranar da jarida ta buga hoton jirgin da ya nutse ka ce mini an ƙera sabon jirgi. Ban faɗa wa kowa ba, ko matata. Kawo takardar nan."

Da a ce mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na miƙa masa. Da Turanci ta rubuta, yana karantawa yana mayar mini da Hausa, muryarsa tana raguwa.

"Malam Zuberu. Ni mace ce, ba zan iya zuwa gaban Baaba in ce ga wanda nake so ba alhali shi bai ce komai ba. Na san kana da nauyin baki a wannan, ko da yake ba ka da shi a sauran abubuwa. To na sauƙaƙa maka. Ran Alhamis, in kana so in zauna, ka bar keken Mma a ƙasa, kada ka loda shi. In na gan shi a ƙasa zan ce wa Baaba a'a, sauran magana ni zan ɗauka. In ka loda shi, na ji amsarka, ba zan riƙe ka a zuciya ba. Inda keken ya tafi nan zan bi."

Motoci na wucewa suna girgiza mu. Na ji muryata ta safe tana dawo mini: shi na fara sakawa.

"Juya," na ce.

"Ka haukace? Ɗaya saura kwata. Booking ɗinmu ɗaya da rabi, get na rufe wa jirgin nan ƙarfe huɗu. Sil ya tafi. Gida arba'in da ɗaya, Zuberu! Akwai tsohuwar da ta yi shekara biyu tana wanke bayin asibiti don firjin da ke bayanmu."

"Na san firjin, ni na ɗaure shi. Juya."

"Mu kai kayan, ka dawo ka yi mata bayani da baki."

"Bakina ne ya kai ni nan. Ta ce ƙasa, a ƙasa za ta gan shi."

Ya dube ni, ya yi wata magana da yarensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce, ya sa giya.

Ɗaya da kwata muka shigo sito da baya. Ga abin da na fara gani: leburori na tsaye da kwalaben lemo, ga goro a faranti a kan ganga. Alhaji ya fito yana gyara hula, Muniru na biye da shi.

"Lafiya? Mota ya lalace?"

Na ɗauko almakashin ƙarfe daga jikin bango. Muniru ya sha gabana.

"Mista Zuberu, wait. In ka yanke wannan, lambar da ke tasha ta mutu. Za su yi cancel ɗin booking, su tura mu layin bincike, jirgi ya tafi. Me ka manta a ciki? Ko mene ne zan aiko maka da shi daga Tema."

"Abin da na manta ba ya aikuwa."

Ƙarar yankan sil ɗin nan har yau tana kunnena. Alhaji ya yi salati. Na wangale ƙofar hagu, na daka wa leburori tsawa: "Kwalayen lungu kawai! Ku jera su yadda suka fito, wanda ya taɓa na dama sai na karya shi!" Lungun da na ƙirƙiro don kwastan, ranar ni ya yi wa rana. Kwali sittin da huɗu muka zare. Na shiga a karkace cikin duhu da zafi, ƙafa arba'in, ƙarfen gado ya tsaga mini dantse ban tsaya ba. Na kwance igiya uku. Na fara turo ƙafafun, sannan na rungumo kan keken a ƙirji na fito da baya, taku ɗaya-ɗaya.

Na ajiye shi a tsakiyar sito, a ƙasa. Biyu da minti goma.

Shetu ta fito. Idanunta sun kumbura. Ta dubi keken, ta dubi jinin da ke bin hannuna.

"Da safe ka ba ni amsa," in ji ta. "Wannan kuma mene ne?"

Kowa na tsaye: Alhaji, Muniru, Jang, leburori shida da ke kirana Sarki. Na zaro jaridar ranar daga aljihun kot, na ajiye ta a kan keken.

"Ban karanta wasiƙarki ba, Shetu. Ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba. Ba ni da tabarau, ban taɓa mallakar tabarau ba. Jang ne ya karanta mini yanzu a hanya. Da na san abin da ke ciki, da kwantenar nan ta tafi da ni a ƙurya kafin ta tafi da keken nan."

Wani lebura ya fara dariya, Jang ya dube shi, ta maƙale. Shetu ta kai hannu bakinta.

"Sau uku, ka ce da ni."

"Ƙarya na yi."

"Na tsaya a gabanka na tambaye ka ko ka gane."

"Ƙarya na yi, Shetu."

Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa. "Wane wasiƙa? Wane shirme ne wannan a sitona? Shekara tara ina ba ka takarda kana gyaɗa kai! Ku mai da keken ciki, ku rufe. Shetu, shiga ka buga sabon lamba. Muniru, kira tasha ka roƙe su. In kayan mutane ya rasa jirgi, da wane ido zan shiga masallaci?"

Ta juya ta shiga ofis. Muka ji tafireta tana ƙara kamar ana soya gyaɗa. Leburori suka fara mayar da kwalaye, biyu suka nufo keken, na tsaya a gabansa, suka tsaya. Can ta fito da takardar, ta miƙa wa Muniru, ba ta dubi kowa ba.

Muniru ya karanta. Ya sake karantawa.

"Kawu," in ji shi, "ta safe ta ce kaya ɗari biyu da sha biyu. Wannan ta ce ɗari biyu da sha ɗaya. Babu keke a ciki. In aka saka shi kuma aka bincika, takarda da kaya sun saɓa, za su riƙe kwantenar gaba ɗaya."

"To ya sake bugawa!"

"Babu lokaci, Kawu."

Akwai lokaci. Ni na sani, shi ma ya sani, minti biyar ne. Ya dubi Shetu, ya dube ni, ya shiga ya aika takardar da hannunsa, ya kira tasha yana ba su haƙuri da Turancinsa mai santsi har suka ba shi sabon lokaci. Na faɗa muku ban so yaron ba. Ban ce ba mutum ba ne.

Uku saura minti biyar Jang ya fita da sabon sil. Babu wanda ya koma kan lemo. Huɗu saura minti shida tarhon ofis ya yi ƙara, muka ji muryar Jang har waje: "Mun shiga! Ku gaya wa mahaukacin nan mun shiga!" Ku rubuta wannan, masu karatu: har ranar ma kwantenata ba ta rasa jirgi ba.

Alhaji ya miƙo mini tafin hannu. "Mabuɗin sito." Na ciro na ba shi. Ya ce, "Gobe bayan Juma'a ka zo gida. Ka zo ba jarida." Ya shiga motarsa, Muniru ya ja.

Saura ni da ita da keken. Ta durƙusa ta kwance bargon, ta buɗe akwatin, ta shafa zanen zinariyar, ta yage gefen tsumman da take goge tafireta da shi ta miƙo mini don hannuna. Ba ta ɗago ba.

"Ka ga goron can?"

"Na gani."

"Ƙarfe sha biyu, da aka ɗaura sil, na shiga na ce wa Baaba na yarda. A gaban Muniru. An shafa fatiha, Baaba ya kira Kumasi ya gaya wa 'yan'uwansa."

Na zauna a kan ganga.

"To me ya sa kika cire shi daga takarda?"

"Domin keke ya fi ni sauƙin cirowa." Ta ninke bargona a hankali, ta ɗora mini a cinya, sannan ta ɗago ta dube ni da jajayen idanun nan. "An rufe, an sa sil, lamba ta tafi, Malam Zuberu. Kai ne gwanin barin lungu. Kana da daga yanzu zuwa Juma'a ka nemo inda aka bar mini nawa lungun."